Manazartan kundinka: manhaja za ta kwaso, amma wa zai duba?

Idan kana aji huɗu a jami'a yanzu, ko kina dab da shiga, akwai wani labari da ya kamata ya tsaya maka a rai. Tun daga watan Oktoban 2025 gwamnatin tarayya ta ɗaura tafiya hidimar ƙasa a kan wani sabon sharaɗi: sai ɗalibi ya shigar da kundin kammala karatunsa cikin rumbun adana ayyukan ilimi na ƙasa da ake kira NERD. Wato furojet ɗin nan da a da ake ɗaure shi da bango mai kauri, a kai kwafi uku ko huɗu sashe, ya kwanta a kan kanta yana shan ƙura har gara ta yi masa sallama, yanzu zai zauna a inda za a iya zaƙulo shi da sunanka bayan shekara goma ko ashirin, lokacin da wataƙila kana neman muƙami ko kana takara. Mafi yawan hirar da ɗalibai ke yi a kan wannan doka ta tsaya ne a kan wahalar ɗora aikin da kuma tsoron a kama mutum da satar fasaha. Ni kuwa shafukan ƙarshe na kundin nake so mu leƙa, waɗanda ba kowa ke karantawa ba: manazarta.

Ka san yadda ake haɗa su. Ana barinsu sai daren ƙarshe, bayan babi na biyar ya kammala kuma ƙarfi ya ƙare. Wani ya kwafo daga tsohon kundin wani yayansa a sashe, wani ya miƙa wa mai shagon kwamfuta ya ce a "daidaita masa". Waɗanda suka ɗan waye kuma sun koma ga manhajojin tattara manazarta, kuma gaskiya sun yi dabara. Zotero kyauta ce, an ƙirƙiro ta a Jami'ar George Mason da ke Amurka, ta fito a 2006. Mendeley ma ana samunta kyauta, kamfanin Elsevier ne ya saye ta a 2013. EndNote ta kuɗi ce, sai wanda makarantarsa ta biya masa ko aljihunsa ke da nauyi. Aikinsu kusan ɗaya ne. Ka ɗora ɗan maɓalli a burauzarka, ka yi bincike a intanet, ka ga maƙalar da kake so, ka danna, nan take sunan marubuci da take da shekara da sunan mujalla da shafuka su faɗa cikin ɗakin karatunka na kwamfuta. Idan shafin sakamakon bincike kake kai, za ka iya zaɓar maƙala ashirin ka kwaso su a danna ɗaya. Daga baya, kana rubutu a Word, manhajar ta jera maka su a tsarin APA ko duk wanda sashenku ya ce. Aikin da ke cin kwana biyu ya koma na minti biyar. Duk wanda bai fara amfani da su ba, wallahi yana wahalar da kansa a banza.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Manhajar ba ta karanta maƙalar ba, kuma ba ta san ko akwai ta a duniya ba. Abin da shafin ya miƙa mata shi take karɓa, kamar ɗan aike da aka ba wa ƙunshi a rufe. Idan bayanan da ke ɓoye a bayan shafin daidai ne, ka yi sa'a. Idan gurguwar shigarwa aka yi, haka za ta kawo maka ita, sai dai ta yi mata kwalliya da waƙafi da baka da rubutun gicciye, har kuskuren ya fi gaskiya kyan gani. Shi ya sa kuskuren manhaja ya fi na hannu haɗari. Wanda ya rubuta da hannu yana shakkar kansa, yana komawa ya duba. Wanda manhaja ta jera wa kuwa ya ga abu tsaf-tsaf, sai ya rufe kwamfuta ya kwanta.

Ɗauki Google Scholar, wadda tun da ta fito a 2004 ta zama ƙofar farko ga kusan kowane ɗalibi. Ba mutane ne ke zaune suna shigar da bayananta ɗaya bayan ɗaya ba. Na'ura ce ke yawo a intanet tana tsintar takardu, tana hasashen wane layi ne take, wane ne sunan marubuci. Ga manyan mujallun Turai da Amurka hasashen kan yi daidai, don suna tsara bayanansu yadda na'ura za ta gane. Ga mujallun tsangayoyinmu kuwa, waɗanda sau da yawa takardar PDF kawai ake ɗorawa a shafin jami'a ba wani ƙarin bayani, sai abin da ka gani. Za ka tarar an ɗauki sunan sashe a matsayin marubuci. Za ka tarar da shekarar da aka ɗora takardar a intanet a madadin shekarar da aka buga ta. Lambar fitowa da shafuka kan ɓace gaba ɗaya, take kuma ya zo da manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe kamar ana yi maka tsawa. Saboda haka idan ka samu maƙala a Scholar, kada ka kwaso daga shafin sakamakon. Bi ta har gidanta, wato shafin mujallar da ta buga ta, ka ɗauko daga can. In kuma tana da lambar DOI, wannan doguwar lamba da ke farawa da 10 da ɗigo, manna ta kai tsaye a manhajar, ita za ta je rumbun da mawallafa ke rajistar ayyukansu ta ɗauko bayanin daga tushe.

Mu 'yan koyon aikin jarida namu ya fi tsanani, don rabin madogararmu labaran jaridu ne. Danna maɓallin a kan wani rahoto na jaridar intanet ka ga abin da zai shigo. Sau da yawa manhajar za ta ajiye shi a matsayin shafin intanet kawai, alhali labarin jarida ne, kuma tsarin rubuta su ya bambanta. Gurbin marubuci ya zo fayau, ko ya zo da "admin", wato sunan da mai kula da shafin ke shiga da shi. Sunan jaridar ya manne a wutsiyar kanun labarin. Idan kuma hukuma ce ta fitar da rahoton, nan ne abin dariyar yake. Manhajar ta saba da cewa kowane marubuci yana da sunan yanka da na iyali, don haka idan ta ga National Broadcasting Commission sai ta ɗauka wani bawan Allah ne mai suna Commission, ta rubuta maka "Commission, N. B." Gyaran bai fi daƙiƙa biyar ba: a Zotero akwai ɗan maɓalli kusa da gurbin suna da ke mayar da shi gurbi guda, sai sunan hukumar ya zauna a cike. Amma sai wanda ya duba ne zai san akwai abin gyarawa.

Batun suna ɗin nan ya cancanci mu ɗan zauna a kansa, don ya fi ƙarfin kuskuren na'ura kawai. An gina waɗannan tsare-tsare ne a kan al'adar sunayen Turawa, inda kalmar ƙarshe ita ce sunan dangi. Mu kuwa kalmar ƙarshe kan zama sunan uba, ko na gari, ko na unguwa, ko laƙabi, ko sarauta. Ga Farfesa Abdalla Uba Adamu abin ya zo da sauƙi, "Adamu, A. U." ne kuma haka aka san shi a duniyar ilimi. Amma ba wa manhaja sunan Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, za ta mayar da shi "Dabino, A. A. G.", ta raba gidan da dabinonsa. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta Shaihu Umar tun kafin ya zama Firaminista, sunan garinsu ne kalmomi biyun ƙarshe, amma na'ura za ta ɗauki Tafawa a matsayin sunan tsakiya ta taƙaita shi zuwa harafi ɗaya. Wani lokacin kuma "Alhaji" ko "Malam" ko "Hajiya" su shige cikin sunan su koma A. ko M. ko H., sai marubuci ɗaya ya zama mutum uku a jerin manazartanka, kowanne da tasa shekarar. Babu wata doka guda da za ta raba wannan gardama. Abin da ya fi shi ne ka duba yadda marubucin ke rubuta sunansa a ayyukansa da yadda masana fannin ke ambatonsa, ka zaɓi siga ɗaya, ka gyara ta a cikin manhajar, ka tsaya a kanta.

Na ce a cikin manhajar, kuma da gangan na faɗa. Ɗalibai da yawa kan ga kuskure a jerin da ya fito a Word, su gyara shi a nan da hannu. Idan tushen bai gyaru ba, kuskuren yana nan yana jiranka, zai iya dawowa da zarar an sabunta jerin, kuma tabbas zai sake bayyana a aiki na gaba da ka ambaci wannan madogara.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Tsofaffin takardun Hausa da yawa an buga su ne da wasu nau'o'in rubutu na musamman, inda aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan wasu alamomi. A takarda suna fitowa daidai. Da ka kwafo su zuwa wani wuri sai asiri ya tonu, "ƙasa" ta koma "}asa", sauran ma su rikiɗe zuwa alamomin da ba mai iya furtawa. Haka take zai shigo manhajarka, haka kuma zai fita a kundinka idan ba ka sake buga shi ba. Akwai kuma wani gurbi da kusan kowa ke tsallakewa, na harshe. Idan ka rubuta "ha" a wurin, Zotero za ta san taken ba na Turanci ba ne, ta daina yi masa ƙa'idar manyan baƙaƙe ta Turanci. Shi ma taken Turancin yana da nasa tarko. APA na son taken maƙala da ƙananan baƙaƙe in ban da farkonsa da sunaye, kuma idan ka sa manhajar ta sauya maka a dunƙule, za ta ƙasƙantar da Kano da Hausa da Najeriya su zama kamar kowace kalma. Kai ne za ka bi ka ɗaga su.

Duk waɗannan gyare-gyare ne na abin da ya samu shigowa. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ba ya shigowa ko kaɗan. Ka lura da kyau: idan ambaton maƙalar wani Bature a kan kafofin sada zumunta danna ɗaya ne, ambaton Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya kuwa sai ka je laburare ka ɗauko littafin, ka buɗe bangon ciki, ka shigar da 1988 da Zariya da kamfanin NNPC da hannunka (na buga littattafai fa, ba na man fetur ba), wanne kake ganin ɗalibin da ya gaji zai zaɓa da ƙarfe biyun dare? Sannu a hankali sauƙin kwasowa ya fara zaɓar mana waɗanda za mu karanta. Sai ka ga kundi a kan shirye-shiryen siyasa a gidajen rediyon Kano, manazarta hamsin, amma babu shirin rediyo ko ɗaya a ciki, babu hira da mai gabatarwa, babu tsohon kundin da wani ya rubuta a wannan sashen a kan wannan batun, babu fitowa ɗaya ta Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara tun 1939. Littattafan adabin kasuwar Kano da yawa ba su da lambar ISBN, wasu ko shekarar bugu babu. Takardun da ke Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna ba su da maɓallin dannawa. Wannan bai rage musu daraja ba. Ita kanta Zotero tana da gurbin shirin rediyo, da na talabijin, da na fim, da na hira, da na kundin digiri, da na rubutun hannu. An tanadi wurin, shigarwar ce sai da hannu. Idan mu da muke zaune kusa da waɗannan madogarai ba mu ambace su ba, injinan bincike ba za su taɓa sanin da su ba, na bayanmu kuma su taso su ɗauka ba a taɓa rubuta komai ba.

Yanzu ga sabon baƙon da ya sa wannan tsohuwar matsala ta zama labarin yau. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, ɗalibi na iya cewa a ba shi manazarta goma a kan kowane batu, a tsarin APA, kuma a ba shi cikin daƙiƙu. Irin wannan ƙirƙirarriyar basira an gina ta ne ta haɗa kalmomin da suka dace da juna, don haka tana iya ɗauko sunan masani na gaske, ta haɗa shi da mujalla ta gaske, ta ƙirƙiro take mai daɗin ji da shekara da shafuka, alhali maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba. Kuma kada ka ɗauka yara ne kawai ke faɗawa. A 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 bayan sun gabatar wa kotu hukunce-hukuncen shari'a guda shida da babu su, a wata ƙara da aka shigar da kamfanin jiragen sama na Avianca. A watan Mayun 2025 'yan jarida suka gano cewa wani babban rahoton gwamnatin Amurka a kan lafiyar yara, wanda ya fito ƙarƙashin sakataren lafiya Robert F. Kennedy Jr., ya ambaci binciken da babu su, aka koma ana gyara rahoton bayan ya riga ya fita. A watan Oktoban shekarar kuma kamfanin Deloitte ya amince ya mayar wa gwamnatin Ostareliya wani ɓangare na kuɗin aikin da ya kai dalar ƙasar 440,000, saboda rahoton da ya miƙa na ɗauke da manazartan bogi. Wani malamin jami'a ne a Sydney ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tona. Idan masu ofisoshi da ma'aikata da lauyoyi sun sha kunya haka, ina ga ɗan aji huɗu da kundinsa zai zauna a rumbun ƙasa?

Manhajar manazarta ba za ta cece ka daga wannan ba. Ba ta jerin bogi, za ta karɓa da hannu biyu, ta jera shi daidai da na gaskiya. Sai dai gwajin ba shi da wuya. Ɗauki lambar DOI ka sa ta bayan doi.org a burauza. Idan ta kai ka ga maƙalar da take da marubutan da ke hannunka, madalla. Idan ta ce babu, ko ta kai ka ga wata maƙala daban a kan kiwon kifi, ka san abin da ake ciki. Idan babu DOI, nemi taken a shafin mujallar kanta, ka duba fitowar da aka ce. Idan littafi ne, nemi shi a kundin wani laburare ko shafin mawallafinsa. Abin da ka kasa gani da idonka, cire shi, ko da kuwa shi ne ya fi dacewa da hujjarka. Ni a ganina ma wanda ya fi dacewa ɗin shi ya fi cancantar zargi, don na'urar abin da kake so ka ji take ƙera maka.

Kada mu ɗora wa na'ura laifin duka. Tun farkon shekarun 2000 wasu masu bincike biyu a Jami'ar California da ke Los Angeles, Simkin da Roychowdhury, suka bi diddigin kurakuran bugu da ke maimaituwa a manazartan maƙalun kimiyya. Hikimar ita ce, idan mutum ɗari suka yi kuskure iri ɗaya a lambar shafi, to daga juna suka kwafa. Daga nan suka yi ƙiyasin cewa kusan kashi 20 cikin ɗari ne kawai na masu ambaton wata maƙala suka karanta ta. Masana ne fa waɗannan, kafin zuwan ChatGPT da shekara ashirin. Ambaton abin da ba a karanta ba tsohuwar cuta ce, abin da ya ƙaru shi ne sauri, da kuma cewa yanzu abin da ake ambatar ma kan zama babu shi.

Akwai kuma madogarar da take gaskiya ce yau, gobe ta ɓace. Cibiyar bincike ta Pew ta ba da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan intanet da ke akwai a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Ka tuna jaridun intanet nawa ka sani da suka tashi suka mutu, da saƙonnin Facebook nawa aka goge bayan hayaniya ta tashi. Idan kundinka ya dogara da irin waɗannan, bar manhajar ta ajiye hoton shafin lokacin da kake kwasowa, ko ka adana shi a Wayback Machine, don ranar da za a ce ka nuna. Ita Zotero ma tana da wani amfani a nan: tana sa jan gargaɗi a kan maƙalar da mujallarta ta janye saboda kuskure ko maguɗi, amma galibi sai maƙalar na ɗauke da DOI ɗinta daidai take iya gane ta, wanda ya sake mayar da mu ga gyaran gurabe.

Sashe-sashenmu ma da nasu. Ana koyar da darasin hanyoyin bincike a aji uku, a rubuta ƙa'idojin APA a allo, a yi jarrabawa a kan inda waƙafi ke zama. Wasu takardun jagora da ake raba wa ɗalibai har yanzu suna neman a rubuta garin da aka buga littafi, abin da bugu na bakwai na APA ya cire tun 2019, sai ɗalibi ya rasa wa zai bi tsakanin manhajarsa da malaminsa. Inda waƙafi ke zama aikin na'ura ne yanzu, kuma ta fi mu iyawa. Awa biyu a ɗakin kwamfuta, kowa ya kwaso madogara biyar daga intanet, ya buɗe asalin kowacce ya gwada da abin da ya shigo, ya gyara, sannan ya shigar da littafin Hausa ɗaya da shirin rediyo ɗaya da hannu, zai fi amfani nesa ba kusa ba. Ga wanda ba shi da kwamfuta sai waya, akwai ZoteroBib da ke aiki a burauza ba sai an sauke komai ba, kodayake gyaran suna a ƙaramin allo sai da haƙuri. A ranar kare kundi kuma, maimakon a ƙirga ko manazarta sun kai arba'in, malami ya rufe ido ya ɗora yatsa a kan guda uku, ya ce wa ɗalibi: buɗe mana wannan mu gani, a wane shafi ya faɗi abin da ka ce ya faɗa?